Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Litinin, bayan La'asar

Rediyon nan ce ta ja mini. Da na bar ta a tashar Hausa kamar kowa, da yanzu ina tsakar gida ina gyaran zogale hankalina kwance. Amma ina, Malama Sa'ada ce mai koyar da Turanci a aji biyar, dole sai ta saurari labaran Turanci na yamma don kada harshenta ya yi tsatsa.

Tun shekaranjiya ake maganar jirgin. Na sojoji ne, mai ɗaukar kaya da mutane. Ya taso daga can ƙasar da aka kai yaranmu rabon faɗa, bai yi nisa ba ya faɗo a daji. Wasu sun ce harbo shi aka yi, wasu sun ce inji ne. Ba wanda ya fita. Na ji, na ce Allah ya ji ƙan Musulmi, na ci gaba da duba littattafan yara.

Yau sai suka karanto sunaye. Matar da ke karantawa ba ta iya sunayenmu ba, tauna su take kamar ta ci karo da tsakuwa a shinkafa. Can wajen tsakiya ta ce kofur, ta kira sunan surukina, Baba na Garo, ta ɗora sunan Malam mijina a kai, Allah ya ji ƙansu su biyun.

Na kashe rediyon na ƙarasa duba littattafan. Wani yaro na ba shi maki duka, sai daga baya na ga ko rabin aikin bai yi ba.

Talata, da hantsi, a ofishin malamai

Sunayen nan biyu ba mu kaɗai muka mallake su ba. Ƙasar nan da faɗi take, sojoji kuma ba su ƙirguwa.

Bari dai in rubuta, tunda takarda ba ta da ido. Haihuwata ta fari ce, shi ma kofur ne a can. Ranar suna aka mayar masa da sunan kakansa. Ranar yaye kuma Gwaggo Dela, yayar Malam, ta goya shi ta wuce da shi Garo, ni ko leƙowa ban yi daga ɗaki ba, aka yi ta yabona. Tunda ba mai iya kiran sunan tsoho a gidan, Gwaggo ta laƙaba masa wani, shi ya bi shi har girma, na yankan ya koma na makaranta da takardun aiki. Ni ko laƙabin ban taɓa kira ba. In dole ta kama ni sai in ce na Gwaggo. Shi kuma Malama yake ce mini, kamar kowane yaro a Gwarzo. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka tata uwar ta yi, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai jiya.

Juma'a ta sama za a ɗaura masa aure a Masanawa, da Sauda 'yar Malam Abdu maƙeri. Ba sai yana nan ba, baffansa Ɗanladi ne wakili. An ce zai samu hutu ya iso kafin tarewa.

Talata, bayan Magariba

Autata Badi'a ta ce, "Inna, yau ba ki kunna rediyo ba." Na ce batir ya yi tsada. Ya yi ɗin ne kuma.

Laraba, da Azahar

Badi'a ta dawo daga wurin tela da ɗinkin biki, ta sa ta zo tana juyi a gabana. Ita da Sauda ƙawaye ne tun makarantar kwana a Kabo, ita ce ma ta haɗa abin, don haka kanta ya fi na amarya kumbura.

Ta ce, "Inna, kin san me Sauda ta gaya mini? Wai Yaya Dabo ya aiko mata cewa ko ta halin ƙaƙa sai ya zo da wuri. Ko a fukafukin tsuntsu ne, in ji shi."

Na ce ta cire kayan kada ta ɓata su da manja. Na shiga bayi na daɗe.

Alhamis, bayan La'asar

Ɗanladi ya shigo Gwarzo sayen goron ɗaurin aure, ya biyo gaishe ni. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya zafi, ya mutan Garo. Na kawo masa ruwan randa. Tun da ya yi sallama nake jera maganar a raina, na jera ta tsaf, da na buɗe baki ga abin da ya fito:

"Baffa, da za a ɗan ɗaga abin nan, har a ji daga can."

Ya ajiye kofin ya dube ni. "A ji me, Malama?"

"A ji dai. Tunda ga abin da ake ta faɗa a rediyo."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama. Dabo fa direba ne, mota yake ja a ƙasa, me zai kai shi sama? Kuma da da wani abu ai da gwamnati ta aiko." Sai fuskarsa ta canza. "Ko dai don ubanta maƙeri ne? In shi ne ki faɗa. Amma tun da aka fara maganar nan ba ki ce uffan ba, sai yanzu da aka sayi goro?"

Na ce wallahi ba haka ba ne. Ya ce to madalla, ya tashi, bai ƙarasa ruwan ba.

Na san abin da zai biyo baya in na yi shiru. Za a ɗaura, a raba goro, sannan labari ya iso. Daga ranar sunan yarinyar nan mai farar ƙafa, wadda aka shafa fatiharta miji ya faɗo daga sama. Ba mai tsayawa lissafin wanne ya riga wanne. Na ga yadda aka yi da wata a unguwarmu, ko ɗan'uwanta ba ya yarda ta fara taɓa masa kayan sana'a da safe, har ta tsufa a ɗakin uwarta.

Na sani sarai. Kuma ga shi na bar mutumin ya tafi da goronsa.

Asabar, bayan Magariba

Na je Garo da niyya. Duk hanya ina ce wa kaina Gwaggo mace ce 'yar'uwata, ita ta goya, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ya kamata ta fara ji.

Na tarar ta baje akwatunan lefe a tsakar ɗaki tana ta faɗa da 'yan Hisba da ba sa wurin. Wai sun hana kiɗa a garin, ko ƙwarya ba za a buga ba, sai walima. "Walima! In zauna wani yaro da gemunsa bai kai na akuya ba ya yi mini wa'azi ranar auren ɗana? Wallahi sai na yi guɗa, in sun isa su kama maƙogwarona su kai kotu." Ta juyo ta gan ni. "A'a, 'yar boko, an ga dama? Ɗanladi ya ce wai ba kya son 'yar maƙera. To ba ke za ki zauna da ita ba, surukata ce, ke 'yar kallo ce."

Ta ɗaga mini atamfa ɗaya bayan ɗaya. Ta sayar da tunkiyarta da 'ya'yanta kafin akwatin na uku ya cika. Ta nuna mini ɗakin da aka yi wa sabon daɓe, ta ce ta hana kaji shiga.

Na ce, "Gwaggo, kin ji maganar jirgin nan?"

Ta ce, "Na ji, Allah ya ji ƙansu, 'ya'yan wasu ne. Riƙe mini bakin zanen nan in ninke."

Na riƙe mata, muka ninke. Ta ba ni daddawa da kuka na taho da su.

Lahadi, da safe

Shiru ma magana ce, in ji mutane. Ƙarya ne, nawa ba wanda ya ji shi.

Litinin, bayan Isha'i

An shiga yajin aiki, albashi ya maƙale, ba makaranta. Na ce wa Badi'a zan je Kano dubiya. Na ɗauki mota har bakin barikin sojoji. A raina na ce in na tabbatar, in na ji daga bakin mai kaki, to bakina zai buɗe.

Sojan da ke ƙofa yaro ne, Bahaushe, da alama ɗan gidan mutunci. Ya ce, "Sannu Mama, wa kike nema?"

Na ce na zo tambaya ne a kan wani yaro, daga cikin waɗanda aka kai waje.

"Ɗanki ne?"

Na ce, "Ɗan yayar mijina ne."

"To, ya sunansa?"

Na tsaya. Mutane biyu a bayana suna jira, rana tana dukan ƙeyata. Na buɗe baki. Sunan surukina ne da na mijina a haɗe, a jikin ɗan fari. Duk sunayen da aka hore ni in haɗiye tun ina amarya, su ne aka ce in furta a bakin titi. Yaron ya sake cewa, "Mama, sunansa?" Na ce na manta, bari in je in tambayo. Ya bi ni da kallo irin wanda ake yi wa masu taɓin hankali.

Sai da motarmu ta wuce Rimin Gado na tuna akwai biro a jakata. Malamar makaranta guda, da biro da takarda, ta kasa rubuta kalma biyu ta miƙa. Na yi dariya ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta matsa.

Yanzu da nake zaune ban san ko kunya ce ta hana ni ba, ko tsoro ne ya ari mayafin kunya ya yafa. Muddin ban faɗa ba, yana can yana jan motarsa.

Talata

Ban fita ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Laraba, da yamma

An sa amarya a lalle. Badi'a ta tafi Masanawa da kayanta, sai bayan biki. Da za ta fita ta ce, "Inna, ko saƙo ba za ki ba ni in kai wa surukarki ba?" Na ce ba surukata ba ce, ta Gwaggo ce. Ta ce, "Kai Inna, ku da wannan al'adar taku," ta fice tana dariya.

Gidan ya yi shiru. Na kunna rediyon, sun koma maganar kuɗin mai, kamar ba a taɓa yin wani jirgi ba.

Alhamis, bayan Asuba

Na roƙi Allah ya turo wani ya faɗa. Soja, ɗan sanda, mai gari, kowa ma. Da na shafa addu'ar sai na ji kunyar Ubangijina, don shi ya san wanda ya riga ya turo.

Juma'a, da hantsi, a Garo

Gida ya cika. An dafa shinkafa tukunya-tukunya, Gwaggo ta yi guɗarta tun da safe, ba wanda ya kama ta. Ni an kai ni ɗakin ƙurya an sakaya labule, wai uwar ɗan fari ba a ganinta ranar nan. Mata suna leƙowa suna tsokanata, "Malama an ɓuya, an ɓuya." Maza sun tafi Masanawa, daga masallaci za su wuce ƙofar gidan maƙeri.

Ana bikin duniya ake na ƙiyama.

Asabar, bayan Azahar

Zan rubuta yadda aka yi, don ana ta ba da labarin iri-iri.

Ina cikin ɗakin nan wata jikar Gwaggo ta shigo da hoton amarya, wanda aka ɗauka ranar lalle, mata suna karɓa hannu-hannu har ya zo kaina. Ta sunkuyar da kai, amma an kama ta tana murmushi ta ƙasan mayafi. Yarinya ce ƙarama. Ban taɓa kallon fuskarta sosai ba sai ranar.

Na ɗauki mayafina na fita ta ƙofar baya, ta wajen turken awaki. Na tare ɗan acaɓa na ce Masanawa, ya yi sauri. Ni da ban sake hawa babur ba tun da aka fara maganar hana mata hawa.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, maza sun cika har bakin maƙera. Liman a tsakiya, Ɗanladi a gabansa, faifan goro da alawa a gefe. Na ji liman yana cewa, "Wakilin ango ya matso." Ba mace ko ɗaya a wurin. Na ratsa ta cikin takalman mutane na tsaya a bakin tabarma. Ban yi sallama ba, wannan ma an ƙirga mini shi.

Na ce, "Kada a ɗaura."

Ɗanladi ya miƙe, idonsa ja. "Malama, me ya kawo ki nan? Ki koma cikin gida, don girman Allah. In maganar rannan ce, ba a nan za a yi ta ba." Na ga Malam Abdu maƙeri ya sunkuyar da kai, shi ma labarin ya kai masa cewa na raina sana'arsa.

Liman ya ɗaga hannu ya ce a bar ni. "Baiwar Allah, mene ne dalili?"

Na ce, "Ya rasu."

"Wa ya rasu?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Jibirin."

Ban san muryata za ta iya ɗaukar sunan ba. Ya fito a bushe, kamar na wani baƙo. Na jira salati ya tashi, sai wani ya yi 'yar dariya daga baya. Ɗanladi ya sassauta murya, irin yadda ake yi wa mara lafiya, ya ce, "Malama, Baba ai ya daɗe a ƙasa. Ke kika yi mana dambun sadakar arba'in ɗinsa. Zafin nan ne, a kawo mata ruwa." Wani tsoho ya ce, "Allah sarki, Malam Jibirin na Garo take nufi, mutumin kirki." Har wasu suka fara yi masa addu'a. Wani ya ce a kira mata su kama ni.

Ba wanda ya kawo shi a ransa. Sun manta yana da wannan sunan, kuma ko sun tuna, ba daga bakina za su zaci jin sa ba.

Sai na ɗaga murya, ni da ko a aji ba a san ni da ihu ba. Na ce, "Ba Baba ba. Jibirin ɗana. Jibirin Haladu, wanda na haifa. Yana cikin jirgin da ya faɗi, na ji sunansa da kunnena."

Daga nan ban riƙe komai daidai ba. Na san faifan goro ya kife. Na san liman ya yi ta maimaita innalillahi. Na san kuka ya tashi daga cikin gidan tun kafin wani ya shiga ya faɗa, ashe ta katanga suna ji. Ɗanladi ya tsuguna a gabana ya ce, "Yaushe kika ji?" Na gaya masa. Ya ƙirga da yatsunsa, ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a ɗaura ba.

Litinin, bayan La'asar

Ɗanladi da mai gari sun je bariki. Gaskiya ne. An ba shi hutu, ya samu gurbi a jirgin kaya don ya riga ranar da aka sa masa. An binne su can gaba ɗaya. Sojojin sun ce sun turo mutum Garo tun makon jiya, ya yi tambaya a tasha, samarin wurin suka ce ba su san mai wannan sunan ba.

An yi masa salla a ƙofar gidan Gwaggo, ba gawa.

Badi'a ba ta yi mini magana ba tun Juma'a. Jiya na ji tana gaya wa wata cewa Sauda ta daina cin abinci, lallen kuma ya kama ƙwarai, ya ƙi fita.

A Gwarzo an kasu biyu. Wasu na cewa na yi rashin kunya, mace ta ratsa maza ta kira sunan ɗan fari da na miji da na suruki a numfashi ɗaya. Wasu na cewa wace irin uwa ce za ta ji mutuwar ɗanta ta je tana ninke atamfa. Duk na yarda da su.

Talata, bayan Magariba, a Garo

Zaman makoki. Gwaggo tana kan tabarma a rumfa, ta rame kamar an yi wata ana jinyarta. Tun da na zo ba ta dube ni ba. Na samu wuri can bakin madafa, kusa da masu wanke kwanuka, inda ya dace da ni. Kowa ya shigo wurinta yake nufa, haka aka saba, ita ce uwa.

Da la'asar wasu mata suka zo daga Mainika, dangin mijinta. Suka durƙusa a gabanta, babbar ta fara, "Dela, ya muka ji da haƙuri?"

Gwaggo ta ɗaga hannu ta nuna bakin madafa, har yanzu ba tare da ta dube ni ba.

"Ba ni za ku fara yi wa ba. Ga wadda ta haife shi can. Ita ta faɗa da bakinta a gaban maza, to ta karɓi gaisuwarsa."

Ban san ko horo ne take yi mini ko kyauta ba, kuma ina jin ita ma ba ta sani ba. Matan suka dubi juna, suka taso da zannuwansu suka zo suka durƙusa a gabana cikin ruwan wanke-wanke. Babbar ta kama hannuna.

"Sannu Malama. Ashe ɗanki ya rasu."

Na nemi mayafi in rufe fuska, ashe ya zame tun ɗazu. Na ce, "E, ɗana ya rasu." Sai kukan ya zo, a gaban kowa, ba wanda ya ce in yi shiru.